Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kashi da Shimfiɗa a Shingen Kajin Cikin Gida

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da masu ƙaramin kiwo suke ciki, masu kaji goma zuwa hamsin a cikin gida, game da kashi da shimfiɗar ƙasan shinge a garuruwan ƙasar Hausa. Hujjarta ita ce wari da ƙuda da kashin jini duk daga danshi suke tasowa, kuma dabarun da muka gada, shara da barbaɗa toka, an yi su ne domin kaza mai yawo. Ta auna kayan shimfiɗar da ake samu a wurinmu, ta nemi a riƙa sauya tsari da sauyawar lokutan shekara, sannan ta taɓo taki da lafiyar yara. Madogararta abin da masana kiwo suka tabbatar ne, da abin da na gani a gidajen 'yan'uwa da maƙwabta.

Gabatarwa

Kazar Bahaushe ta asali ba ta san shinge ba. Gari na wayewa a buɗe mata akurki, ta bi juji da gindin rumbu da bakin rariya, sai almuru ta dawo. Kashinta a warwatse yake faɗuwa, rana ta busar da shi, tsintsiyar safe ta kai ragowar juji, jaki ya kwashe zuwa gona. Ba wanda ya taɓa kiran wannan matsala.

Abin ya sauya da gidaje suka matse. Tsakar gida ta zama siminti, maƙwabci ba ya son kaza a ƙofarsa, ga ɓarawo ga babur. Su ma kajin sun sauya. Yau matar aure tana sayen noila, ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, ko buroila domin kasuwar Sallah, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a irin waɗannan ba zai sake su su bi lungu ba. Sai a tsaga wani gefe na gida a kewaye da raga. Wannan wuri shi nake kira shinge a nan, akurki kuwa ɗakin kwanansu. Abin da ake zubawa a ƙasa domin ya tsotse kashi shi ne shimfiɗa.

Mu yi ɗan lissafi. Kaza mai ƙwai tana cin abinci wajen giram 110 zuwa 120 a yini, kuma ɗanyen kashin da take fitarwa bai gaza wannan nauyi ba. Kaji ashirin ke nan suna zubar da kusan kilo biyu da rabi kullum, a shekara ya doshi kilo 870, a wurin da sau da yawa bai kai faɗin ɗakin kwana ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi ruwa ne. A kan wannan ruwa maganar duka take.

Abin da ke cikin kashin

Kaza ba ta fitsari daban. Farin nan da ake gani a saman kashinta shi ne fitsarin, wani sinadari mai suna yurik asid, kuma a cikinsa mafi yawan naitirojin yake. Muddin a bushe yake, zaune yake lafiya. Da ya samu danshi da ɗumi, ƙwayoyin bakteriya sai su farfasa shi ya zama iskar amoniya, wato warin nan mai yaji da ke sa ido ruwa. Masana kiwon kaji sun daɗe da sa iyaka a kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki. In ta haura haka takan lalata 'yan siraran gashin da ke share maƙogwaron kaza, ta ƙona mata ido, ta buɗe wa cututtukan numfashi ƙofa. Hancin mai kiwo mugun alƙali ne a nan, domin yana sabawa da warin cikin 'yan kwanaki, kuma yana can sama, alhali kazar a kan shimfiɗar take shaƙa. Mai son gaskiya ya durƙusa da sassafe kafin a buɗe akurki, ya kai hancinsa daidai kan kaza.

Bayan amoniya, matsala ta biyu ita ce kashin jini, wanda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis. Ƙwayar Aimeriya da ke kawo shi tana fitowa cikin kashi, amma a ranar da ta fito ba ta iya kama wata kaza. Sai ta samu danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta nuna. Wannan tazara ita ce damar mai kiwo: kashin da aka kwashe ko ya bushe kafin kwana biyu ya rage haɗari ƙwarai. Cutar ta fi kama 'yan tsaki daga mako uku zuwa shida, lokacin da mai su ya fara lissafin riba. Ƙwan tsutsar ciki ma a jiƙaƙƙiyar ƙasa yake daɗewa, ƙuda kuwa cikin zafinmu mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi.

Ma'aunin da ake nema shi ne danshin shimfiɗa ya tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ba a bukatar na'ura. A damƙi shimfiɗar a matse a buɗe hannu. In ta ɗan haɗu sannan ta ruguje, daidai take. In ta tsaya dunƙule kamar curin fura, ta jiƙe. In ta zube tana tashin ƙura, ta bushe fiye da kima.

Wani shinge a tsakiyar marka

Wata gwaggona da ke zaune a wata unguwar bayan gari ta aiko a kira ni cikin watan Agusta, wai kajinta sun kamu da abin da ba ta gane ba. Na tarar da noila talatin da 'yan kai a lungun da ke tsakanin kicin da katanga. Rabin wurin da rufin kwano, rabi a buɗe. Indararon kicin ɗin a cikin shingen yake zuba. Garin katakon da ta shimfiɗa tun farkon damina ya daskare ya yi ɓawo, in ka taka sai baƙin ruwa ya ɓullo ta gefen takalmi. Mazubin ruwansu, irin na roba mai jan gindi, yana zaune a karkace yana ɗiga. Na ɗaga wata kaza na juya ƙafarta: tafin ya yi baƙin gyambo, yatsun sun ɗaure da curin kashi kamar an yi musu dambu. A kan tagar kicin kuwa ga ledojin magani kala huɗu, kowanne an farke an taɓa.

Ta ce, "Ɗan nan, kullum sai na zuba toka, kullum. Ban san me na rage ba."

Na ce, "Gwaggo, ba ki rage komai ba. Ruwa ne ya fi ƙarfin tokar."

Abin da muka yi ranar bai wuce aikin shebur da baro ba. Aka kankare daskararren garin har ƙasa, aka karkatar da indararo, aka ƙara fallen kwano biyu, aka ɗora mazubin ruwa a kan bulo, aka zuba busasshen ɓuntu. Marasa lafiyar an ba su maganin kashin jini kamar yadda likita ya rubuta, sauran ledojin aka ajiye. Kuɗin da ta kashe a kantin magani kafin zuwana ya fi na kwanon da ɓuntun a haɗe, kuma ba ita kaɗai ba ce. Mai kantin ba ya zuwa gida, abin da aka faɗa masa a kan kanta shi yake yi wa magani.

Maganar toka

Toka ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce abin da kowace uwa ta koya wa 'yarta. A akurkin gargajiya tana da amfani na gaske. Kaji biyar ne ko shida, kashin dare ne kawai, kuma da safe za a share. Tokar tana busar da saman kashin ta sa ya ɓamɓaru cikin sauƙi, in kaza ta yi birgima a cikinta kuma ta rage mata ƙwarƙwata da ƙuma.

A killataccen shinge hukuncin ya juya. Toka ɗabi'ar kanwa gare ta, kuma amoniya ta fi tashi a inda wannan ɗabi'a ta rinjayi tsami. A ma'aunin pH, ƙasa da 7 kaɗan take fita, daga 8 zuwa sama sai ta yi ta tururuwa. Zuba toka a kan jiƙaƙƙen kashin da ba za a kwashe ba yana ƙara wa kaji yajin da suke shaƙa, kuma yana korar naitirojin ɗin da manomi zai saya. Farar ƙasa ma haka take. Ni a ganina wurin toka biyu ne: a cikin tsohuwar taya ko fasasshen baho, a gauraye da yashi, a ajiye a inuwa domin wankan ƙura, sai kuma a kan tsirarar ƙasa bayan an kwashe tsohuwar shimfiɗa, kafin a zuba sabuwa.

Kayan shimfiɗa

Aikin shimfiɗa ta tsotse ruwan kashi ta sake shi ga iska, ta raba ƙafar kaza da ƙazanta, ta kuma ba ta abin tono. Sassaƙen katako, wanda injin gogewa ke fitarwa a murɗe, yana tsotsa sosai, in an same shi. Garin katako na zarto ya fi yawa da araha, amma yana da aibi uku: 'yan tsaki na cinsa a zaton abinci ne, yana daskarewa da wuri, kuma in daga ɗanyen icce ya fito yakan yi fumfuna. A kuma tambayi kafinta ko an shafa wa katakon maganin gara ko baƙin mai.

Ɓuntun shinkafa shi nake fifitawa ga yawancin masu kiwonmu. Bai kai sassaƙe shan ruwa ba, amma ba ya saurin mannewa, yana saurin bushewa, kuma duk inda ake casar shinkafa, a Kura ko Haɗeja ko Argungu, tsibinsa ake gani a bayan injin. Da can roƙon mutum ake ya kwashe, yanzu sai da kuɗi, duk da haka bai fi ƙarfin mai kaji ashirin ba. Ɓawon gyaɗa yana aiki in ya bushe ƙamas. Wanda ya sha ruwa a ajiya kuwa gidan fumfunar da ke kama huhun 'yan tsaki ne, kada a kusance shi. Ƙaiƙayin gero da dawa, da busasshen ganyen darbejiya da na mangwaro da ake ƙonawa a banza, duk suna shiga a matsayin gauraye.

Yashi daban yake. Ba ya tsotsa, tacewa yake yi. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa ya dace da ɓangaren da ba rufi, a riƙa tankaɗe kashin da ragar waya irin ta magina. Sai dai a rana tsaka ta watan Afrilu yana ƙona ƙafa, kuma manomi ba ya son buhun takin da rabinsa yashi ne.

Tsarin da ke bin lokutan shekara

Littattafan kiwo da yawa suna koyar da shimfiɗa mai zurfi: a zuba da kauri, a riƙa juyawa ana ƙarawa, a bar ƙwayoyin halitta su cinye kashin a wurin har watanni. Tsarin ya yi suna ne bayan gwaje-gwajen Kennard da Chamberlin a tashar binciken noma ta Ohayo a Amurka, a shekarun 1940. Yana da kyau, amma a rufaffen ɗaki aka gwada shi, a ƙasar da ɗumin da ruɓewa ke fitarwa alheri ne. Mu shekararmu fuska uku gare ta, kowace da bukatarta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da kashi kafin ya yi wari. Nan ne zurfin ke da riba: a fara da kaurin santimita 8 zuwa 10, faɗin tafin hannu, a riƙa ƙarawa. A watsa ɗan tsaba da yamma, kajin da kansu za su juya ta. Abin tsoro a wannan lokaci ƙura ce, sai kuma tausayin da ke sa a naɗe akurki da leda da buhu saboda sanyi, a toshe kowace kafa, amoniya ta rasa hanyar fita. A tare ɓangaren da iska ke bugowa, a bar sama a buɗe.

Bazara na shigowa, zafi ya haura digiri 40, sai a rage kaurin. Kaza a yanayi mai daɗi tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincinta, a zafi kuwa ta zarce haka nesa, kashin ya tsinke. Gishiri ko kanwa da suka yi yawa a abinci su ma suna tsinka shi. Kewayen mazubin ruwa shi ne inda ɓarna ke farawa, don haka a ɗaga shi daidai gadon bayan kaza, a kan bulo ko raga, a kwashe jiƙaƙƙen wurin kullum.

Damina kuwa ba ta karɓar gyaran rana tsaka. Aikinta a watan Mayu ake yi: a cika ƙasan shinge da burji ya ɗara tsakar gida tudu, a karkata shi zuwa rariya, a daɓe, a yi rufi mai baki da zai hana feshi. Iyayenmu da suke daɓe da makuba sun san sirrin ƙasa mai tauri da ba ta shan ruwa. Shimfiɗa mai zurfi a wurin da ba rufi, a watan Agusta, taɓo ce kawai ake tarawa. Yawan kajin ma a duba: a ƙoƙarta kowace ta samu kusan murabba'in mita ɗaya a shinge.

Akwai wata ƙaramar dabara da ta fi kuɗinta. Kaso mai yawa na kashin kaza da dare yake zuba, a ƙarƙashin sandar da take kwana. A sa tsohon fallen kwano ko buhu a wurin, a kankare da safe cikin bokiti mai murfi. Minti biyar ne, kuma shi ne asibitin mai kiwo. Ruwan ƙasa mai yauƙi da ke fitowa jefi-jefi na lafiya ne, daga wani ɓangaren hanji yake. Jini, ko kore mai ruwa-ruwa, ko fari mai manne wa gindin tsako, alama ce ta a nemi likita a ranar. Busasshiyar shimfiɗa dai ba ta ɗauke wa kowa rigakafin cutar Niyukasil, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take samarwa.

Daga shinge zuwa gona

Masu lambu da 'yan noman rani, irin na Kadawa, sun san darajar kashin kaji, buhu-buhu suke saye. Kaji ashirin ɗin can za su ba da busasshen kashi wajen kilo 220 a shekara. In aka ƙaddara naitirojin ɗinsa a kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, ya kai kusan sulusin abin da ke cikin buhun yuriya, ga fosfaras da fotash a kai. Duk warin da ya tashi daga shinge wani yanki ne na wannan kuɗi yake bin iska.

Ɗanyensa yana ƙona shuka kuma yana ɗauke da cuta, don haka a ruɓar da shi. A haɗa awo ɗaya na kashi da awo biyu na busasshen ganye ko ɓuntu, a yayyafa ruwa, a tara tsibi mai tsayin mita ɗaya. Ana so cikinsa ya kai digiri 55 na wasu kwanaki. A soka rodi a bar shi, in an zaro ya gagari riƙewa to aiki na tafiya. A juya sau da yawa, cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi ya daina wari. Ƙa'idar noma marar sinadari ta Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Masu latas da kabeji da karas, da ake ci ɗanye, su ya fi shafa.

Buhun taki yana da wani haɗarin. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, kuma watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a Magarya ta Nijar. Ƙwayar tana fita cikin kashi, tana bin buhu da takalmi da tayar baro. Mai sayen taki da ya fito daga wata gona ya tsaya a ƙofar gida a miƙa masa, buhunsa kada ya shiga shinge. Shimfiɗar kajin da suka mutu farat ɗaya kuwa ba ta sayarwa ba ce, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Yaron da ke rarrafe

A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, sai fa in najasa take ci. Wannan hukuncin salla ne da tufafi, kuma na sha jin ana kawo shi a inda ake maganar lafiya. Kashin kaza lafiyayya ma yana iya ɗaukar Salmonela da Kamfilobakta, masu sa yara gudawa. Wani nazari da Ngure da abokan aikinsa suka buga a 2013 ya bi jarirai a karkarar Zimbabuwe, aka ga suna kai ƙasa da kashin kaji baki. Headey da Hirvonen kuma, a 2016, sun samu cewa a karkarar Habasha mallakar kaji tana tafiya da kyakkyawan girman yaro, amma kwanan kaji a ɗaki ɗaya da mutane yana tafiya da akasin haka. Killacewa ke nan tana iya zama kariya ga yaro, muddin ruwan shingen ba tsakar gida yake gangarowa ba, inda ake wanke-wanke da shanyar tuwo. A ware wa shinge takalminsa da tsintsiyarsa, yaron da aka aika ɗauko ƙwai ya wanke hannu da sabulu.

Kirana ga malaman gona da likitocin dabbobi shi ne, in an kawo ƙarar kaji, a shiga shingen a damƙi shimfiɗar kafin a rubuta magani. Masu raba 'yan tsaki ga mata da sunan tallafi kuma su fara tambayar rufi da tudun ƙasa kafin su sauke kwali. Wadda ba ta da halin fallen kwano biyu, a gaya mata gaskiya: ta rage kajin zuwa abin da rufinta zai ɗauka kafin ruwan Agusta ya sauka.